Amanar 'Ya'yan Jama'a: Sharuɗɗan Buɗe Gidan Rainon Yara

Wannan shi ne jawabin da wata uwa daga cikin iyayen ƙungiyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ta gabatar a taron ƙungiya na Kwandere. Mun buga shi kamar yadda ta faɗe shi, saboda waɗanda ba su sami halarta ba.



Mai girma shugaban taro, wakilin Mai Martaba Sangarin Kwandere, iyayenmu dattawa, malamai, shugabannin mata, 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ga ya dace a ba ni wannan lokaci in yi magana a kan abin da na shafe shekaru ina aiki a kansa, wato kula da ƙananan yara da iyayensu suka bari a hannun wasu.

Abin da ya kawo maganar ba ɓoyayye ba ne. A 'yan watannin nan mata uku daga cikinmu sun same ni a gida, kowace da tambaya iri ɗaya: "Hajiya, ina da ɗaki a zaure ba kowa, maƙwabta kuma suna kawo mini 'ya'yansu in za su kasuwa ko ofis. Ina son in mai da abin sana'a. Sai na nemi izinin gwamnati?" Amsar da na ba su ita zan maimaita a nan gaban kowa: ƙwarai kuwa, sai an nema. Kuma a nema tun kafin a kafa allo a ƙofar gida.

Na san abin da wasu ke faɗi a zuci. Za a ce tun kaka da kakanni ɗa na kowa ne, mace takan ajiye yaronta wurin kishiya ko maƙwabciya ta tafi unguwa, ba wanda ya taɓa neman takarda. Gaskiya ne, kuma doka ba ta hana wannan ba. Amma zamani ya sake. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, aka mai da Lafiya hedikwata, garin ya yi ta faɗaɗa har ya kusa haɗewa da mu. A 2011 aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Lafiya. Yau 'ya'yanmu mata suna koyarwa, suna aikin asibiti, suna aiki a sakatariya, wasu suna karatu, wasu suna sayar da doya da riɗi da agushi a kasuwa tun safe har la'asar. Da yawa daga cikinsu kakannin yaran suna can Kano ko Katsina ko Sakkwato, ba wanda za a miƙa wa goyo. Saboda haka raino ya tashi daga taimakon zumunci ya koma sana'a, ana biyan kuɗi duk wata. In kuwa kuɗi ya shigo, yara suka yi yawa, to hukuma tana da ta cewa.

Bari in fara da abin da doka ta ce.

A shekarar 2003 Majalisar Tarayya ta zartar da Dokar 'Yancin Yara. Jiharmu ta Nasarawa tana cikin jihohin farko da suka karɓe ta, a 2005. A cikin wannan doka akwai kashi guda, na 14, wanda ba ya magana a kan komai sai rainon ƙananan yara da rana. Ya ɗora wa gwamnatin jiha nauyin ajiye rajistar mutane iri biyu. Na farko, wanda yake rainon yara a cikin gidan zama. Na biyu, wanda ya keɓe wani wuri daban, kamar shago ko gini na musamman, yana karɓar yara. Ma'aunin da doka ta kafa mai sauƙin riƙewa ne, abu uku ne kacal: yaro bai kai shekara 6 ba, ana biyanki lada, kuma lokacin da yake yi a hannunki ya haura awa 2 a rana. In waɗannan uku suka haɗu, ke mai raino ce a idon hukuma, ko da yaro ɗaya ne. Uwa da uba da dangin yaro ba sa cikin wannan hukunci. Goggon da ke riƙe ɗan ƙanenta ba ta buƙatar lasisi. Amma wadda ke karɓar 'ya'yan unguwa da kuɗin wata tana buƙata, kuma yin sana'ar ba rajista laifi ne.

Sai kuma ɓangaren ilimi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda muka sani da UBE, ta saka kula da ƙananan yara a cikin ilimin tushe. A 2007 kuma hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, tare da taimakon UNICEF, ta fitar da ƙa'idojin da kowane wurin rainon yara a Nijeriya zai cika, daga gini da ruwan sha har zuwa ma'aikata. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ƙayyade yawan yara ga mai kula ɗaya: a ɗakin jarirai kada su wuce 10, a ajin nazare kada su wuce 25. Ni dai a aikace, wadda ta taɓa riƙe jarirai biyu a lokaci guda ta san 10 ɗin ma iyaka ce ta ƙarshe. In kina da hali ki ɗauki mataimakiya tun kafin ki kai can.

To, ina ake zuwa? Akwai ƙofofi da za a bi, kuma gara a bi su daki-daki.

Ƙofar farko ta gida ce. Mu zaune muke a ƙasar da ke da masu ita, kuma zaman lafiyar da iyayenmu suka yi da mutanen Kwandere ya samu ne saboda ba su tsallake shugabanni ba. Kafin komai, a sanar da mai unguwa, a sanar da shugabanninmu na Hausawa, su kai maganar fada. Wannan ba ya cikin fom ɗin gwamnati, amma ranar da wata matsala ta taso, shi ne zai fara yi miki amfani. A kuma shawarci maƙwabta, domin kukan yara da zirga-zirgar 'yan acaɓa safe da yamma su zai dama.

Ƙofa ta biyu, rajistar suna. Hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, ita ke yin wannan. Mutum ɗaya zai iya rajistar sunan sana'a. Ƙungiya kuwa tana yin rajistar amintattu. Yanzu ta intanet ake cike fom ɗin, yaranmu masu ilimin kwamfuta za su iya taimakawa. Amma ina jan kunne a nan, domin mutane da yawa sun ruɗu: satifiket ɗin CAC shaida ce cewa sunan naki ne. Bai ba ki izinin karɓar ɗan kowa ba. Na sha ganin an rataye shi a bango cikin gilashi ana nuna wa iyaye a matsayin lasisi. Ba shi ba ne.

Ƙofa ta uku ita ce ainihin izinin. In jarirai ne da 'yan tatata za ki riƙe, ba karatu, to sashen kula da yara na ma'aikatar harkokin mata ta jiha a Lafiya shi ne wurin zuwa, kuma ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma zai nuna miki hanya. In za ki buɗe aji, da allo da alli da yunifom, to kin shiga hurumin ma'aikatar ilimi, sai ta duba ta amince. Wadda za ta haɗa biyun, ta je wurin biyun. Za ki rubuta takardar neman izini, ki cike fom, a buɗe miki fayil, sannan a turo jami'ai su ga wurin da idonsu. Duk kuɗin da aka ce ki biya, ki biya ta hanyar da gwamnati ta tsara, ki karɓi rasit, ki adana. Kada ki damƙa wa wani kuɗi a hannu don ya ce zai "fito miki da takarda". Takardar da aka samu ba a zo an duba wuri ba, ranar tsanani ba za ta tsaya miki ba.

Ƙofa ta huɗu, gini da lafiya. In sabon gini ne, ko za a mai da gidan zama wurin sana'a, hukumar raya birane ta jiha ce ke amincewa da tsarin gini, takardun fili kuma suna hannun NAGIS. In haya ce, a sami yarjejeniya a rubuce da mai gida, ya san yara za a tara. Duba-gari zai zo ya ga ruwa da masai da wurin girki. 'Yan kwana-kwana za su duba ƙofofin fita da abin kashe gobara.

Yanzu me waɗannan jami'ai suke nema in sun zo? Zan faɗa muku a matsayina na wadda ta yi aikin.

Suna duban mutum kafin su dubi gini. Doka ta ba hukuma ikon ƙin yi wa mutum rajista in ta ga bai dace da riƙon yara ba. Har ma in shi mai neman ya dace, amma akwai wani mazaunin gidan ko ma'aikacin wurin da bai kamata ya kusanci yara ba, ana iya hana shi. Ku lura da wannan sosai, iyayena mata. In a gidanki za ki yi, to maigidanki da samarin gidan da ɗan haya da mai gadi duk suna cikin lissafi. Kada a ɗauki ma'aikaciya don kawai 'yar wance ce. A san inda ta fito, a sami dattijon da zai tsaya mata, a kai ta asibiti a duba lafiyarta, musamman tarin fuka. Kuma yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba ma'aikaciya ba ce, ita ma yarinya ce da ya kamata tana makaranta. Wadda za ta koyar a aji kuwa, mafi ƙarancin shaidar malanta a ƙasar nan ita ce NCE, kuma kwalejojin ilimi suna da fannin koyar da ƙananan yara. Ga Kwalejin Ilimi ta Akwanga nan kusa da mu. Mu tura 'ya'yanmu mata.

Bayan mutum sai wuri. Ɗaki mai iska da haske, mai tagogi da raga saboda sauro. Daɓe mai santsi ba ya yi, mai ramuka ma haka. Katanga ko shinge, da ƙofar da yaro ba zai iya buɗewa ya faɗa titi ba. Rijiya da murfi da kwaɗo. Randa da bokiti da baho, kada a bar su da ruwa a buɗe, domin ɗan da ke rarrafe ruwa kaɗan ya ishe shi halaka. Murhu da tukunyar gas da janareto su yi nesa da inda yara suke. Kananzir da fiya-fiya da maganin ɓera a kulle su a sama. Yaranmu da yawa sun sha kananzir ne saboda an zuba shi a gorar lemo. Masai mai tsabta, da fo na ƙanana, da ruwa da sabulu na wanke hannu. Abinci a rufe, domin jiharmu tana cikin masu fama da zazzaɓin Lassa, kuma ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Sai akwatin taimakon gaggawa, da sanin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in gudawa ta kama yaro, da sanin asibitin da za a ruga.

Na uku, rubutu. A nan ne mu Hausawa muka fi sakaci, don muna ganin kunya ce ka tambayi maƙwabcinka takarda. Doka ta wajabta wa mai raino ajiye littafi mai ɗauke da suna da adireshin kowane yaro, da na duk mai taimaka mata, da na mazauna gidan, kuma in an sami canji ta sanar da hukuma. Ni ina ƙarawa da cewa: a karɓi kwafin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da katin rigakafi, da lambar wayar uwa da uba. Ƙyanda in ta shiga ɗaki mai yara goma, ba ta tsayawa kan ɗaya. A 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan wahalar shekaru. Kada sakacinmu ya mai da hannun agogo baya. Sannan a rubuta sunan wanda aka yarda ya zo ɗaukar yaro. Wanda ba sunansa, ko ya rantse shi kawun yaron ne, a kira uwar a ji daga bakinta.

A cikin takardar izinin za a rubuta miki iyakar yawan yaran da za ki karɓa. Jami'i yana da ikon shigowa ya duba wuri da yara da littattafai, kuma doka ta ce a duba aƙalla sau ɗaya a shekara. In aka ga kulawar ta gaza ƙwarai, ana iya soke rajistar. Ke ma kina da damar ɗaukaka ƙara in kina ganin an zalunce ki. Wato lasisi ba a karɓarsa a jefa a ƙasan adaka a manta.

Wataƙila wani ya ce duk wannan wahalar ta mece ce. Bari in ba ku labari. Ina cikin aiki, wata rana muka shiga wani gida a wata unguwa, ba zan faɗi ko ina ba ne. Matar gidan mutuniyar kirki ce, kowa yana yabonta. Muka tarar da yara goma sha bakwai a zaure ɗaya, ita kuma ta tafi barka, ta bar su da 'yarta ƙarama. A tsakar gida ga rijiya an rufe ta da guntun kwano, an ɗora dutse. Muna tsaye wani yaro ɗan shekara biyu ya fita da gudu ya hau kan kwanon nan. Abokin aikina ne ya fizgo shi, kwanon ya lotsa ya faɗa ciki, muka ji ƙararsa a ruwa. Da matar ta dawo ta ji, sai ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka. Ba mugunta ta yi ba. Ta saba da rijiyar ne har ta daina ganinta. Amfanin mai dubawa ke nan: baƙon ido yana ganin abin da idon mai gida ya saba da shi. Bayan wata biyu matar nan ta gina wa rijiyar baki, ta rage yara, ta ɗauki mataimakiya, ta sami takardarta, kuma ta ci gaba da sana'arta har ta tsufa.

Ba ko'ina ake samun wanda zai fizgo yaro ba. A watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a Yamai, yara ƙanana kusan 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar, irin wannan ta sake faruwa a Maradi, yara fiye da 20 suka tafi, har gwamnatin Nijar ta hana ajiye 'yan nazare a azuzuwan zana. A Legas, a watan Maris na 2019, bene ya rufta a Ita Faji da makaranta a samansa. A nan maƙwabtanmu Jos, ranar 12 ga Yuli 2024, ginin makaranta ya faɗo wa ɗalibai ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Kuma ba wanda ya manta da abin da ya faru a Kano, inda a watan Janairu na 2022 aka gano gawar yarinya 'yar shekara 5 wadda mai makarantarsu da kansa ya sace. Bayan wannan gwamnatin Kano ta soke lasisin makarantun kuɗi gaba ɗaya, ta ce kowa ya sake zuwa a tantance shi. Wuta, gini, da mugun mutum: kowane sharaɗi da na lissafa ɗazu, in kun duba, ɗaya daga cikin irin waɗannan yake tarewa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. In, Allah Ya kiyaye, wani abu ya sami yaro a gidan ɗayanmu, kuma aka bincika aka tarar ba rajista, ba za a ce wance ta yi kuskure ba, cewa za a yi Hausawa sun yi. Yaran da ake kawo mana ba na Hausawa kaɗai ba ne, akwai 'ya'yan Gwandara da Eggon da Alago da sauran maƙwabta. Yardar da suka yi da mu dukiya ce da iyayenmu suka tara, bai kamata mu zubar da ita saboda ƙyuyar zuwa Lafiya cike fom ba.

Ga iyaye masu kai yara, ku ma da naku. Kada arha ta ruɗe ku. Ki nemi ganin takardar izini, ki karanta sunan ma'aikatar da ta bayar. Ki shiga ciki ki ga masai da wurin kwanciya. Ki ƙirga yara, ki ƙirga manya. Wata rana ki je da tsakar rana ba sanarwa. Wurin da aka hana uwa shiga ta ga ɗanta, ba wurin barin ɗa ba ne. Ku kuma iyaye maza, kada ku bar wa mata wannan duka. Ku taka da ƙafarku ku gani.

Daga ƙarshe, mai girma shugaba, ina da roƙo uku ga ƙungiya. Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti, a sa malamar makaranta da ma'aikaciyar lafiya da dattijo ɗaya, su zaga su san gidajen da ake raino a cikinmu, da niyyar gyara da taimako. Na biyu, a rubuta wa ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumar Lafiya takardar gayyata, jami'insu ya zo taronmu na gaba da fom a hannu, ya bayyana kuɗin da ake biya a gaban kowa, don kada a cuci kowa a bayan fage. Na uku, matan da ƙarfinsu bai kai su cika sharuɗɗan su kaɗai ba, su haɗu uku ko huɗu su kama wuri ɗaya mai kyau, asusun ƙungiya ya ranta musu kuɗin murfin rijiya da raga da abin kashe gobara, su biya a hankali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni kuma ƙofata a buɗe take. Duk wadda ke son a taya ta rubuta takardar neman izini, ta same ni bayan la'asar, ba ko kwabo.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ƙara wa Mai Martaba lafiya, Ya zaunar da Kwandere da Jihar Nasarawa lafiya. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mini.